Kwalin Ƙarƙashin Gadon Hajiya: Kewar Fina-finan Hausa na Shekarun 1990

Ina gaida direban da ke kan hanya, da tela a bakin keke, da uwargidan da ta ɗora rediyo a kan taga tana tankaɗe. Yau za mu ɗan huta da siyasa da tsadar kasuwa. Waiwaye za mu yi, mu koma baya shekara talatin da wani abu, mu yi hirar fina-finan da muka tashi da su.

Ga abin da ya jawo maganar. Kwanan baya muna kwashe kayan ɗakin Hajiyarmu za a yi fenti, sai aka jawo wani kwali daga ƙarƙashin gado, ya sha ƙura har ya sake kama. Da aka buɗe, sai ga kaset-kaset na bidiyo, sun haura ashirin. Ɗan ƙanwata, yaro ɗan shekara goma sha ɗaya, ya ɗauki ɗaya ya jujjuya, ya leƙa ta 'yar tagar nan da ake hango zare, ya ɗago ya ce, "Kawu, wannan ta ina ake cajinsa?" Kowa ya kwashe da dariya. Ni ma na dara, amma da na karɓa na ga abin da aka rubuta da biro a gefensa, sai dariyar ta maƙale. Sangaya. Rubutun yayata ne, Allah Ya jiƙanta da rahama.

Hausawa na cewa wanda ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. To, ni dai bana ba ta yi mini laifin komai ba, amma tun ranar nake ta tunani: mene ne a cikin waɗannan kaset-kaset da har yau, in aka ambaci sunan ɗaya a majalisa, sai ka ga magidanci mai furfura ya gyara zama yana murmushi?

Sai mun tuna yadda abin yake kafin zuwansu. A da, mai son kallon fim a Kano sai ya tafi silima: Plaza, Orion, Eldorado, Marhaba, Wapa. Abin da ake nunawa kuwa na Indiya ne, da na 'yan Cana masu kareti, da na kaboyin Amurka. Na Indiya ya fi shiga rai, har muka raɗa wa jarumansu sunaye. Dharmendra shi ne Sarkin Ƙarfi. Amma silima wurin maza ce, mazan ma ba kowa ba. Yaron da aka hanga a layin tikiti, labarinsa zai riga shi isa gida, bulala na jiransa a zaure. Matar aure kuwa ba a ma kawo zancenta. Wasan da ake yi da harshenmu sai a talabijin: Samanja Mazan Fama, Karkuzu, Ƙasimu Yero da Karambana, Kuliya Manta Sabo. An yi fina-finan Hausa na silima, irin su Shaihu Umar da Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, amma aiki ne mai cin kuɗi, sai an daɗe kafin a ga wani.

Abin da ya sauya lissafi shi ne kyamarar bidiyo, irin wadda ake ɗaukar biki da suna da ita. A 1990 ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa a Kano ta fitar da Turmin Danya, wanda a yau ake ɗauka shi ne fim ɗin bidiyo na Hausa na farko da aka kai kasuwa, da su Ibrahim Mandawari a ciki. Suka biyo da Gimbiya Fatima, wanda ya nuna wa kowa cewa akwai masu saye. Daga nan ƙofa ta buɗe. Fim ya daina jiran mutum ya je ya same shi. Shi ya taka da ƙafarsa ya shiga gida, ya wuce zaure, ya wuce tsakar gida, ya zauna a ɗakin matan da ba su taɓa ganin ƙofar silima ba.

Ya kuma iske an share masa hanya. A lokacin littattafan soyayya sun cika gari, ana haya, ana aro, ana karantawa a rediyo. Marubutan nan su ne suka fara juya littattafansu zuwa fim. Ado Ahmad Gidan Dabino ya mayar da In Da So Da Ƙauna fim a 1994: Sumayya 'yar masu kuɗi, Muhammad ɗan talaka, dangi sun ce ba za a yi ba, har yarinya ta faɗa rijiya. Wanda ya karanta littafin ya san ƙarshen labari, amma hakan bai hana shi zama ba, don so yake ya ga fuskar Sumayya da idonsa. Aka yi Ki Yarda Da Ni daga littafin Bilkisu Funtuwa. Aka yi Alhaki Kwikwiyo a 1998 daga littafin Balaraba Ramat Yakubu, labarin Rabi da mijinta ya kora da 'ya'ya tara saboda ya yi amarya. Ranar da aka kalli wannan a gidanmu, ba wanda ya yi tari. Matan da ke zaune kowacce ta san wata Rabi, wata a danginta, wata a maƙwabta, wata kuma ita ce da kanta.

Bari in tuna muku yadda ake kallon, don rabin daɗin a nan yake. Ba kowane gida ke da bidiyo ba. A layinmu gida biyu ne, don haka kaset ɗaya unguwa guda yake ciyarwa. Ana la'asar za a aiki yaro shagon haya, ya dawo da kaset a cikin riga kamar ya ɗauko ƙwai. Labari ya zaga ta kan katanga: yau akwai sabon fim a gidan su wance. Ana idar da sallar isha'i sai ka ga mata na shigowa da mayafai da goyo, yara sun cika gaban talabijin har ana korar su baya, samari sun maƙale a taga. Sai a fara da tallan fina-finai masu fitowa, wanda shi kansa wani kallon ne. In hoto ya fara rawa, akwai gwani a kowane gida, shi ne mai buɗe bidiyo ya goge kai da 'yar takarda, kowa ya yi tsit kamar ana tiyata. In bidiyo ta cinye zare, a zaro shi a hankali, a naɗe da yatsa, a liƙe da salatif, a yi addu'a kada mai shago ya gane. In kuwa aka ɗauke wuta ana tsakiyar rikici, salatin da za a saka sai an ji shi a bakin titi. Kuma duk wannan wahala, daidai inda labari ya yi zafi sai rubutu ya fito: mu haɗu a kashi na biyu.

Akwai wani amfani da fim ya yi a gidajen da ba a cika faɗa ba. Ya zama hanyar habaici. Kishiyoyi biyu na zaune tabarma ɗaya, muguwar amarya ta fito a talabijin, sai uwargida ta ce, "Oh, duniya! Ashe irinsu suna da yawa." Amarya ba za ta tanka ba sai an nuno uwargida mai bin bokaye, sannan ta yi gyaran murya. Maigida in yana kusa, da an nuno Alhaji mai rowar cefane sai ya tuna yana da uzuri a waje. Maganar da ba ta faɗuwa ido da ido, an faɗe ta, kuma ba wanda zai ce da shi ake.

Ta fuskar kasuwa kuwa, cibiyar abin tana Ƙofar Wambai da Bata. Furodusa zai buga kwalin fim ɗinsa, wato bangon da ke ɗauke da hotunan 'yan wasa, ya kai wa 'yan kasuwa tare da uwar kaset. Su za su jera bidiyoyi su yi ta kwafa dare da rana, shi kuma ribarsa tana kan yawan kwalin da aka sayar. Daga nan kaset ya hau mota: Katsina, Sakkwato, Jos, Maraɗi, Damagaram, har zangon Kumasi da Garwa da Injamena, har wurin 'yan uwanmu mazauna Sudan da Saudiyya. Bahaushen da ya shekara ashirin bai taka Kano ba, sai ga Kano ta zo masa a kwali.

Ba a hirar wannan zamani a tsallake Rabilu Musa Ɗanlasan, Ibro. Mutumin da ya bar aikin gandiroba ya kama ban dariya, ya fito daga wajen Wudil da su Kulu da Yautai. Ibro ba ya bukatar gidan bene ko mota. A ba shi 'yar shara da hula da bakin kasuwa, ya ishe shi. Ɗan ƙauye ne da ya shigo birni yana ganin ya fi kowa wayo, kullum dabararsa a kansa take ƙarewa, kuma gobe ya sake. Masu boko sun raina shi, suna cewa shirme ne, amma ku tambayi 'yan Ƙofar Wambai wane kaset ne ba ya kwantai. Talaka ya ga kansa a jikin Ibro: ga yunwa, ga bashi, ga mai gidan haya, amma ba a fasa dariya ba.

Sai 1999, shekarar da abin ya tumbatsa. Kamfanin Sarauniya, wanda ya riga ya yi Daskin Da Riɗi daga tatsuniyar da kakanninmu suka yi mana, ya fitar da Sangaya, Aminu Muhammad Sabo ya ba da umarni. Labarin ba baƙo ba ne: ɗan sarauta ya ƙyalla ido a kan yarinyar da ke hidima a gidan, alhali ga wadda ake ganin ita ce daidai da shi. Ali Nuhu, matashi sabon shiga, da Fati Muhammad, da Hauwa Ali Dodo. Amma abin da ya ɗauki fim ɗin ya kai shi inda wani bai taɓa zuwa ba, waƙarsa ce. Kiɗan fiyano ne, amma an sa ta ta kwaikwayi kayan kiɗanmu na gargajiya, sai kunne ya ji abu sabo kuma ya ji kamar ya san shi tun yana goye. A gidan biki ita ce, a shagon mai shayi ita ce, 'yar talla da farantin gyaɗa a ka ita take rerawa. Shekara ta zagayo, Yakubu Lere ya fitar da Wasila daga Kaduna, labarin cin amanar aure da ya raba kan majalisu: wasu na cewa a yafe mata, wasu na cewa ko kusa. A wannan tsakanin ne mujallar Tauraruwa ta Sunusi Shehu Daneji ta raɗa wa harkar suna Kannywood, mujallar Fim ta Ibrahim Sheme kuma ta fara fitowa a watan Maris na 1999. 'Yan wasa suka zama taurari, hotunansu suka hau bangon ɗakunan 'yan mata da bayan motocin haya.

To, jama'a, a nan nake so mu yi wa kanmu adalci. Yau in ka zauna da sa'o'ina, abin da za ka ji shi ne, "Ai fina-finan da su ne masu tarbiyya, su ne masu ma'ana, na yanzu duk lalata ne." Ni ma na sha faɗa. Amma kun san yadda aka yi kwalin nan ya shiga ƙarƙashin gadon Hajiya? Ba ajiya ta yi don tarihi ba. Ƙwace ta yi. Duk kaset ɗin da ta kama mu da shi a lokacin da ya kamata muna Islamiyya, ko wanda ta leƙo ta ga namiji da mace suna zagaya bishiya suna waƙa, sai ta zare shi ta jefa a kwali. Kwalin nan kurkuku ne.

Ba ita kaɗai ba ce. Waɗannan fina-finan da muke kira masu tarbiyya a yau, su ne aka yi ta wa'azi a kansu jiya. An ce kwaikwayon Indiya ne, kuma a wurare da dama gaskiya ne, don bayan nasarar Sangaya ɗan kasuwa kan tambayi waƙa nawa ce a fim kafin ya tambayi labarin, wasu kuma suka riƙa ɗauko labarin Indiya sukutum su sa masa hula da ɗankwali. An ce suna ɓata 'yan mata. Iyaye da yawa sun gwammace komai da a ce 'yarsu 'yar fim ce. A ƙarshen shekarar 2000, bayan ƙaddamar da shari'a, gwamnatin Kano ta dakatar da harkar gaba ɗaya na wani lokaci, a 2001 kuma aka kafa Hukumar Tace Fina-finai ta jihar. Duk wannan a kan fina-finan da muke rantsuwa da su yanzu aka yi shi.

Ta wajen aiki ma kada mu rufe ido. Iska na kaɗa makirfo har ba ka jin magana. Ana tsakiyar kuka zakara ya yi cara a bayan gida. Saurayi ɗan shekara ashirin da biyar an barbaɗa masa hoda a gemu, wai shi ne kaka. Falon Alhaji guda ɗaya ka gan shi a fim goma, labule ma ba a canza ba. In ka ɗora Labarina ko Daɗin Kowa ko Kwana Casa'in a gefensu, ta fuskar hoto da sauti da tsara labari, yaran yanzu sun yi gaba, kuma ya kamata mu faɗa ba tare da ƙyashi ba.

In haka ne, kewar me muke yi? Ni a ganina abu biyu ne. Na farko, ganin farko. Mun saba ganin soyayya a kan duwatsun Indiya, faɗa a titunan Amurka. Sai rana ɗaya muka ga buta a bakin rariya, da tabarma, da kwanon sha, da tsohuwa mai faɗa irin na kakarmu, a cikin akwatin da muke zaton na wasu ne. Wannan mamaki sau ɗaya ake yin sa, kuma mu muka dace da shi. Na biyu, taron. Fim ɗin da aka jira mako guda, aka yi karo-karo aka karɓo haya, mutum talatin suka kalla a ɗaki ɗaya da fanka ɗaya, ba zai yi daidai da wanda ka kalla kai kaɗai a waya da abin ji a kunne ba. Yau a gida ɗaya mutum biyar na kallon abu biyar, ba mai jin dariyar wani. Idan na ce ina kewar Sangaya, rabin maganar yayata nake nufi, da inda take zama kusa da ƙofa, da yadda take riga 'yan wasa faɗin abin da za su faɗa har a yi ta yi mata tsawa.

Da yawa daga cikin fuskokin ma sun riga mu gidan gaskiya. Balaraba Muhammad ta rasu a haɗarin mota a 2003. Ahmad S. Nuhu ranar 1 ga Janairun 2007. Hauwa Ali Dodo ita ma ranar 1 ga Janairu, a 2010. Ibro a watan Disambar 2014. Allah Ya jiƙansu, Ya yafe musu, mu kuma Ya kyautata namu ƙarshen.

Abin da ke damuna shi ne aikinsu ma yana bin bayansu. Zaren kaset ba ya son zafi, ba ya son ƙura, ba ya son laima, mu kuwa ukun nan muke da su a wadace. Yana yin fumfuna, ya manne, hoton ya wanke. Abin da ake samu a YouTube sau da yawa kwafin kwafi ne, dishi-dishi, wani babu farko, wani babu ƙarshe. Alhali waɗannan fina-finai, ko masu yin su ba su nufa ba, sun adana mana kamannin rayuwarmu. A cikinsu za ka ga titunan Kano kafin gadojin sama, da Vespa da fijo, da ɗaurin ɗankwalin wancan lokaci. Za ka ga Alhaji na ƙirga damin 'yan hamsin-hamsin, don sai a ƙarshen 1999 aka fito da takardar naira ɗari. Za ka ga saurayi ya ba yaro wasiƙa ya kai wa budurwa, wasiƙar ta faɗa hannun da bai kamata ba, labari ya rikice. Da akwai wayar hannu da fim ɗin ya ƙare a minti biyar. Masana irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu sun yi rubutu mai yawa a kan wannan zamani, amma rubutu ba zai maye gurbin hoton da ya goge ba.

Saboda haka ina da roƙo. Furodusoshin da, da iyalan waɗanda suka rasu, duk mai uwar kaset a sito, ya taimaka a juye ta a kwamfuta tun tana juyuwa. Jami'o'inmu da gidajen talabijin da hukumomin tarihi su buɗe wurin karɓa da adanawa, da sunan mai aiki a kan aikinsa, yadda haƙƙinsa ba zai salwanta ba. Ke kuma Hajiya, kai kuma Malam, in an zo share ɗaki aka ci karo da irin wannan kwali, kada a miƙa wa 'yan gwangwan, kada a ba yara su ja zaren su yi wasa. Da tsohuwar zuma ake magani.

Namu kwalin, na ɗauke shi na yi ta yawo har na samu wani dattijo mai gyaran rediyo da ke da tsohuwar bidiyo a ƙarƙashin tebur. Fiye da rabi sun mutu. Sangaya ta tashi, da 'yar rawa a saman hoton. Na aro bidiyon na kawo gida, muka haɗa bayan isha'i. Yaran suka yi ta dariyar hoton, wai kamar an ɗauka a cikin hazo, amma ba wanda ya tashi. Can sai ga Hajiya ta dogaro sandarta, ta tsaya a bakin ƙofa. Na yi shiru ina jiran faɗa irin na da. Sai ta ce wa jikanta, "Kai, matsa mini in zauna." Da aka zo wani wuri ta ce, "Ku yi shiru, yanzu za a kira ta gaban sarki." Na juya na dube ta. Na ce, "Hajiya, yaushe kika kalla?" Ta ce, "Da kuna tafiya makaranta, ku a zatonku zaman me nake yi?"

Laifin daɗi ƙarewa, jama'a, lokaci ya cimma mana. Wanda ya tuna nasa fim ɗin, ya ba 'ya'yansa labari yau da dare, ya gaya musu da wa ya kalla.